Matashin Audugar Rimi

Tun da aka kai Murja ɗakin Abdulmumini a Jajaye, ba su taɓa wayar gari a shimfiɗa ɗaya ba. Tare suke hawa gado, kan sabuwar katifar soso da danginta suka yi mata jere da ita, amma da ta farka sai ta tarar da gefensa wayam. Ya sauka ƙasa, ya baje tsohuwar tabarmarsa, ya dunƙule rigar gona ya ta da kai da ita.

Shi dai bai ɓoye mata dalili ba. Ya ce katifar haɗiye shi take yi, filon da ta zo da shi kuwa kamar mutum ya ɗora kansa a kan kumfar sabulu ne. Yana tashi wuya a ƙage, ga gona tana jiransa. Ita tana son filo biyu masu laushi, da bargo ko ana zafi, da taga a rufe ruf. Shi yana son taga a buɗe, kuma ko mayafi ba ya yarda ya taɓa masa ƙafa. Duk wannan da sauƙi, da dariya ma suke ƙare maganar. Abin da ke hana Murja sakat shi ne Abdulmumini ba ya ko motsi in yana barci. Ba minshari, ba juyi, numfashinsa ma sai ka kai kunne kusa.

Mijinta na fari, Sulle, mutumin Kurugu, mai minshari ne na gasken gaske. Maƙwabta har tsokanarsa suke yi, suna cewa injin markaɗe ya saya ya ɓoye a ɗaka. A gefenta ya rasu tana barci, bayan wata rashin lafiya da ba a gane kanta ba. Ba kuka ne ya tashe ta ranar ba, ba kira ba. Shirun ne ya tashe ta. Tun daga nan in ba ta ji numfashin mutum kusa da kunnenta ba, idonta ba ya rufuwa, in ma ya rufu sai ta zabura da bugun zuciya.

Ba ta taɓa faɗa wa Abdulmumini ba. Mace ba ta ɗauko zancen tsohon miji a gaban sabo, balle wanda ke kabari.

Wata safiya ya buɗe ido ya gan ta durƙushe a kansa, bayan hannunta daf da fuskarsa.

"Lafiya, Amarya? Ko wani abu kika yar a hancina?"

Ta wayance da cewa sauro ta kora. Daga nan ta zauna a bakin tabarmar ta tambaye shi kai tsaye, wane irin filo ne zai sa ya daina gudu ya bar ta a gado. Ya yi dariya ya ce ai irinsa ya ƙare a duniya. Matashin kakansa yake nufi, na audugar rimi, wanda ake dannawa a cusa har ya yi tauri kamar buhun gero, ya yi tudu ya riƙe wuya. Ya ce in ta samo masa wannan, zai haƙura da katifar, ya bar mata bargonta.

Ranar kasuwar Karaye ta nemi izini ta tafi. Ta sami Maharazu mai ɗinkin katifa a rumfarsa, auduga ta yi masa furfura a gashin ido. Ya ce yadi akwai, ɗinki akwai, amma audugar rimi sai bazara in kwanson ya fashe, yanzu kuwa kaka ce ta kawo kai. Ya nuna mata ɓarɓashin soso da yayin tela, ya ce su ake cusa wa kowa yanzu, ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙara. Ta ce mijinta zai zama na farko.

Daga kasuwa ta wuce cikin gari gidan Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun tana yarinya, kuma a gidanta ta zauna bayan ta fita takaba. Gwaggo Kande ba ta zubar da komai. Gwangwani, murfin kwano, igiyar da ta tsinke, duk suna da wurin zama a ɗakinta. Tana jin abin da ke tafe da Murja ta ce mata ta kwantar da hankalinta, ta sunkuya ƙarƙashin gado ta jawo wani buhu ɗaure da tsumma. Audugar rimi ce cike da shi, ta ɗan yi ruwan ƙasa.

Da ta koma kasuwa da ita, Maharazu ya zazzage ta a tabarma, ya bubbuge ta da sanda har ta tashi. Ya ɗebo ya kai hanci.

"Wannan ta sha kai, Hajiya," in ji shi. "Amma tsohuwa ta fi kwanciya. Mai gidanki zai sa mini albarka."

Ya cusa, ya danna da gwiwa, ya sake cusawa, ya ɗinke bakin. Murja ta saya masa riga shuɗiya, ta rungumo shi a mota har gida.

Abdulmumini ya jinjina shi, ya naushe shi, ya ce yanzu ya ga matashi. A daren nan bai sauka ƙasa ba. Kuma wani abu ya faru wanda Murja ba ta zata ba: ya yi minshari. Ta kwanta tana ji har ƙwalla ta gangaro mata cikin kunne, daga nan barci ya ɗauke ta, irin wanda ta manta akwai shi. Sai da rana ta fito ta farka.

Da safe ta tsokane shi, ta ce ashe shi ma yana da inji. Ya rantse shi bai taɓa minshari ba a rayuwarsa, a tambayi duk wanda ya yi kwanan zaure da shi. Ta ce to, tabarma ce take rufa masa asiri.

Ba a jima ba ta fara lura da yadda minsharin yake. Yakan ja shi da tsawo, ya tsaya cak kamar ya manta, sannan ya sake shi da ɗan fito a ƙarshe. Ta san wannan fiton. Ta ce wa kanta maza duka haka suke, ta juya ta gyara bargo.

Sai ya fara jan bargon. Mutumin da mayafi ke hana shi barci, ga shi yana ƙudundunewa har ka. Ya tashi da kansa ya rufe taga, ya ce iska tana shigar masa ƙirji. Wata safiya ta kawo masa koko da sukari kamar kullum, ya kurɓa ya ture, ya tambaye ta yaushe ta fara sa masa sukari, ba ta san da tsamiya zalla yake sha ba? Ta juyo ta dube shi. Shi kuwa ya tsaya yana kallon kwanon da mamaki, kamar wani ne ya yi maganar da bakinsa, sannan ya ce ta bar shi kawai zai sha.

Daga nan barcin ya soma yawa. Wanda ke riga ladan tashi ya koma sai ta girgiza shi. Ya fara rasa jam'in asuba. In ya dawo daga gona da azahar ya ce zai ɗan kishingiɗa, sai la'asar ta wuce yana nan. Daga baya gonar ma ya daina zuwa. Gyaɗarsa ta isa cira, ta kowa tana kan shanya, tasa tana ƙasa har ta fara tsiro. Wansa da suke gida ɗaya ya kai shi kemis aka ba shi maganin zazzaɓi. Aka karɓo rubutu wurin malam ya sha. Jikinsa ba zafi, ba inda ke masa ciwo. Barci ne kawai, kuma da ya ɗora kai a kan matashin nan shi ke nan.

Murja ta taɓa ganin wannan ciwon. Haka na Sulle ya fara.

Ta sani, amma ba ta yi komai ba. In ta gama aikin rana sai ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa, ta zauna a bakin gado ta rufe ido tana saurare. Da idonta a rufe, ɗakin nan na Jajaye yakan koma ɗakinta na Kurugu, har tana jin kamar in ta miƙa hannu za ta taɓa ƙusar da Sulle ke rataye hula. Kumatunta suka ciko, duhun ƙasan idonta ya washe. Lauratu, matar wan mijinta, ta ce mata ikon Allah, miji yana ramewa amarya tana ƙiba.

Wani hantsi ta shigo da tsintsiya, minsharin ya tsaya. Abdulmumini yana kwance rigingine, ido rabi a buɗe, ba ya kallon komai.

"Murjanatu," ya ce, da wata murya mai kauri wadda ba tasa ba. "Kin kai wa Inna man zafin nan kuwa?"

Mahaifiyar Abdulmumini ta rasu tun yana goye. Bai taɓa kiran matarsa da cikakken sunanta ba. Man zafi kuwa shi ne aike na ƙarshe da Sulle ya yi mata, da yammacin da bai wayi garinsa ba. Ya sayo wa mahaifiyarsa saboda gwiwa, ya ce ta miƙa mata, ta ce sai da safe.

Ta fita tsakar gida, ta kira Gwaggo Kande a waya. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta tambaye ta daga ina audugar nan ta fito.

Gwaggo Kande ta ce daga ina kuwa, ai tata ce. Da aka yi rabon gado dangin Sulle sun kwashe rigunansa da babur da gona, wannan haƙƙinsu ne. Amma gado da katifa da matasai kayan ɗakin mace ne, iyayenta suka saya, don haka da ta fita takaba aka lodo su aka dawo da su Karaye. Katifar ta ba wata maƙwabciya. Matasan kuwa yadinsu ya mutu, sai ta farke su ta juye audugar a buhu. Murja ta tambaya har da nasa? Wanda yake kai ranar?

"To da wanne? Nasa ma ya fi auduga. Ke, 'yar nan, auduga ce fa, ba ta san mai ita ba."

Ta ƙara da cewa ai tsohuwar nan uwarsa ta so ta riƙe shi a lokacin, har da kukanta, ita Gwaggon ce ta hana. Kayan ɗaki ba ya shiga gado. Da ta sakar musu matashi, da har tukunya sai sun ce ta ɗansu ce.

Murja ta kashe wayar ta koma ɗaki. Minsharin ya dawo, yana ja, yana tsayawa, yana fito. Ta matsa bakin gado. Ta san in ta zare matashin nan, wannan sautin ya tafi ke nan, karo na biyu, kuma wannan karon da hannunta. Ta dubi fuskar da ke kai. Ƙashin kumatu ya fito, leɓe ya bushe, gemu ya yi buzu-buzu. Wannan mutumin bai yi mata komai ba sai hawa gadon da ba ya so don ta ji daɗi.

Ta yi bisimilla, ta tallabo kansa, ta fizge.

Ɗakin ya yi tsit. Kansa ya koma kan katifa kamar na jariri. Ta kai kunne bakinsa, da ƙyar ta ji iska-iska tana fita. Ta kira shi, ta jijjiga shi, bai motsa ba. Matashin da ke hannunta kuwa da ɗumi, kuma ya fi nauyin da yake da shi ranar da ta ɗauko shi daga kasuwa.

Ta fita da shi bakin murhu. Garwashi yana nan ja. Audugar rimi ba ta jiran a hura mata, da ta taɓa wuta ta tafi. Ta miƙa shi, ta janye. Ta sake miƙawa, hannun ya ƙi. Ba za ta iya cinna wa Sulle wuta ba. Ta yi tunanin jefa shi a juji, ta tuna ba wanda zai ga sabon matashi da shuɗiyar riga ya wuce, kafin azahar yana ƙarƙashin kan wani. Sai ta tuna da wadda ta roƙa aka hana ta.

Ta roƙi Lauratu ta riƙa leƙa mata ɗaki, ta ce Karaye za ta je karɓo magani. Ta naɗe matashin a zane, ta zura hijabi, ta tari ɗan acaɓa. Duk tsawon hanya yana kan cinyarta, ɗuminsa yana ratsa zanen. Sau da yawa kanta yakan yi nauyi ya sunkuya, sai ramin hanya ya farkar da ita.

Rabonta da Kurugu tun ranar da aka kwashe kayanta. Gidan yana nan yadda ta san shi, sai dai an toshe ƙofar ɗakinta na da da buhunan dawa. Inna Zinariya, mahaifiyar Sulle, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idon ya kusa tafiya. Da sallama ɗaya ta gane muryar. Murja ta durƙusa, aka gaisa, aka tambayi mutanen Jajaye da na Karaye, da gajiya, da amfanin gona, da gwiwa. Tsohuwar ta ce gwiwa sai godiya. Sannan ta ɗaga hanci kamar mai jin ƙamshin girki daga nesa.

"Me kika zo da shi na yaron nan?"

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ko ranar da aka fita da shi, yaron nan ta ce.

Murja ta kwance zanen ta faɗa mata komai, tun daga buhun Gwaggo Kande har maganar man zafi. Ba ta rage ba. Ta ce ita ba ta san mene ne a ciki ba, amma duk wanda ya ɗora kai barci yake ja, barcin da ba shi da kyau. Ta ce ta kawo ne don a san yadda za a yi da shi, ko a binne, ko a kai wa malamai. Ba don a kwanta a kai ba.

Inna Zinariya ta miƙo hannu biyu. Murja ba ta saki ba. Suka riƙe shi tare, tsohuwa tana ja a hankali.

"Inna, ina jin tsoro."

"Tsoron me? Ni da barci ya ƙaurace mini tun da ya tafi? Ke kin sami rabonki, kin ƙara da wanda ba naki ba. Sakar mini, 'yata. Kina da mai rai a gida."

Ta saki.

Tsohuwar ta rungume shi ta cusa fuska a ciki, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗebi gyaɗa ta zuba wa Murja a zanen, ta ce ta kai wa mai gidanta, ta gaishe shi, ta ce masa ya yi haƙuri, yaron nan ba shi da mugunta, bai san hanya ba ne kawai. Ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule.

Murja ta kai zaure ke nan ta ji. Daga ɗakin tsohuwar da ba ta fi a ɗauke ta da hannu ɗaya ba, minsharin ƙaton namiji yake fitowa, ya cika gidan. Akuyar da ke ɗaure ta bar cin harawa ta juya. Ƙafar Murja ta koma baya da kanta. Ta kama ƙyauren zaure ta riƙe har katakon ya shiga mata tafin hannu, sannan ta fita, ba ta waiwaya ba.

Rana ta yi ja lokacin da ta sauka a Jajaye. Lauratu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ce ta leƙa bayan azahar yana nan yadda aka bar shi, ta sake leƙawa da la'asar ta ga ba ya kan gado, yana ƙasa, ita dai ba ta ji faɗuwa ba. Ta yi masa magana bai amsa ba, tana jiran mijinta ne ya dawo ya duba.

Murja ta ɗaga labule. Yana kwance a kan daɓe, fuska ga bango, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa. Ba sauti ko kaɗan. Irin shirun nan ne sak. Gyaɗar ta zube daga zanenta ta watse a ɗakin. Ta rarrafa ta isa gare shi, ta kasa taɓa shi, ta kasa kiran sa. Ta tsura wa bayansa ido tana jira rigar ta motsa.

Ya yi atishawa.

Ya juyo da ƙyar yana murza ido, ya dube ta, ya dubi gyaɗar da ke warwatse, ya tambaya wa ya cire masa gyaɗa ba da saninsa ba. Muryarsa ce, siririya, ta wanda ya kwana biyu bai ci ba. Ya ce yunwa yake ji kamar ya ci babu, kuma ɗakin nan ya yi zafi, a taimaka masa da iska. Murja ta kifa goshi a kafaɗarsa tana kuka mara sauti. Ya bar ta ta yi, yana ɗan bubbuga bayanta, bai tambayi dalili ba.

Sai da ta kawo masa tuwo ya ci rabi, ya sha ruwa, sannan ya tsaya da loma a hannu.

"Wai wace tsohuwa ce mai akuya a tsakar gida, da buhunan dawa a ƙofar wani ɗaki? Kullum in na kwanta sai in gan ni a zaurenta, tana ta kira a shigo a ci abinci. Kullum ina ƙara matsawa."

Murja ta tambaye shi, a hankali, ko ya shiga.

"Yau saura ƙiris. Sai wani ya zo ta bayana ya dafa ni, ya ce in ba shi hanya, ba ni ake kira ba." Ya kai lomar baki. "Akwai sauran miya?"